Ƙiba da Abincin Kurun Gasa: Tambayoyi da Amsoshi

Wane doki ake kira kuru, kuma me ya sa ciyar da shi ya bambanta da na babban doki?

A ƙa'idar Hukumar Wasannin Dawaki ta Duniya, FEI, kuru shi ne dokin da tsawonsa bai wuce santimita 148 ba, idan an auna daga ƙasa zuwa doron kafaɗa babu takalmin ƙarfe a kofato. Da takalmi, iyakar ta zama 149. Amma bambancin da ya shafi abinci ba a tsawo yake ba. Nau'o'in kuru irin su Shetland da Welsh da Connemara sun taso ne a tuddai masu sanyi da ƙarancin ciyawa a Birtaniya da Ireland, don haka jikinsu ya saba da cin kaɗan ya ajiye da yawa. Abin da zai bar babban doki da haƙarƙari a waje, shi zai cika wa kuru wuya da kitse. Yawancin matsalar kurun gasa daga yawan abinci take fitowa, ba daga ƙarancinsa ba, kuma mai shi ne ke jawo ta da kyakkyawar niyya.

Ta yaya zan gane ya yi ƙiba ko yana daidai?

Da hannu. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a nan idon da ke ganin doki kullum shi ne ya fi ruɗuwa, ballantana idan gashi ya yi kauri. Shimfiɗa tafin hannunka a gefensa ka ja a hankali. Ya kamata ka ji haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya ba tare da ka danna ba, kamar kana shafa bayan yatsun hannunka. Idan sai ka nutsa yatsa kafin ka same su, kitse ya rufe su. Daga nan ka duba wurare biyar: saman wuya ƙarƙashin geza, doron kafaɗa, bayan kafaɗa, gadon baya, da gindin wutsiya. Idan ka tsaya a bayansa ka ga kwari ya ratsa tsakiyar kuturi, wanda ruwa zai iya kwanciya a ciki, ya wuce gona da iri.

Ma'aunin ƙiba biyu ake amfani da su, ƙaramar lamba na nufin rama, babba na nufin ƙiba. Akwai na Don Henneke na 1983, daga 1 zuwa 9, inda ake son kurun gasa ya tsaya a 5. Akwai na Carroll da Huntington na 1988, daga 0 zuwa 5, inda ake nufin 2.5 zuwa 3. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kansa, mutum ɗaya ya riƙa yi duk mako biyu yana rubutawa.

Wuya yana da nasa hukuncin. Kitsen da ya taru a saman wuya ya yi tauri, ka kama shi ya cika maka hannu, alama ce ta matsalar insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini, ko da haƙarƙari suna jiyuwa. Mutane da yawa suna ɗaukarsa tsoka ce. Tsokar wuya tana ƙasa da wannan tudu, kuma ba ta lanƙwasawa gefe idan an girgiza ta.

Ba ni da sikelin dawaki. Yaya zan san nauyinsa?

Samo tef ɗin awo na santimita. Tsayar da shi a wuri mai lebur, ƙafafu huɗu daidai. Auna zagayen ƙirji ta inda ake ɗaure sirdi, daidai lokacin da ya fitar da numfashi. Sannan auna tsawon jiki daga tsinin kafaɗa zuwa tsinin ɗuwawu. Ninka zagayen ƙirji da kansa, ninka da tsawon jiki, raba da 11,877. Kuru mai ƙirji 165 da tsawo 150 zai ba ka kilo 344.

Lissafin yana iya kuskure da 'yan kilo, amma abin da kake bi shi ne hawa da sauka. Don haka ka auna a lokaci ɗaya na yini, kafin abincin safe, da tef ɗaya. Duk sa'ad da ka sami damar hawa da shi sikeli na gaskiya, yi, ka ga tazarar da ke tsakaninsa da tef ɗinka.

Busasshiyar ciyawa nawa zai ci a rana?

Kurun da ke daidai jiki kuma yana aiki yana buƙatar kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, a lissafin abinci ba tare da ruwan cikinsa ba. Ga mai kilo 350, kilo 7 ke nan. Busasshiyar ciyawa tana ɗauke da ruwa kashi 10 zuwa 15 cikin 100, saboda haka abin da za ka ɗora a sikeli ya kusa kilo 8. Ciyawar da aka naɗe a leda da danshinta ta fi ruwa, wani lokaci kashi 40, don haka a sikeli sai ka ba da fiye da haka kafin ya sami abin da ya kamata. Nan ake yawan kuskure: a ga ta fi ƙamshi da kyau, a rage ta, doki ya kwana da ciki wayam.

Ka rataye ƙaramin sikelin hannu a barga ka auna kowace ragar ciyawa da za ka ba shi. Runguma ɗaya ta yau ba ita ce ta gobe ba.

Tun da yana gasa, ba dole ya ci hatsi ba?

Ba dole ba ne, kuma yawancinsu ba sa buƙata. A yi lissafi. Kuru mai kilo 350 da ke saurin ƙiba yana buƙatar kimanin megakalori 10.5 (ma'aunin ƙarfin da abinci ke bayarwa) a rana idan ba ya aiki. Aiki mai sauƙi, wato awa 1 zuwa 3 a mako, yawanci tafiya da sassarfa, yana ƙara kashi 20 cikin 100. Matsakaicin aiki, awa 3 zuwa 5 a mako da tsallake shinge, yana ƙara kashi 40. Kilo ɗaya na ciyawa mai kyau yana ba da kusan megakalori 2 idan an cire ruwansa. Kilo 8 ɗin nan da aka ambata ya kai megakalori 14, wato ya biya aiki mai sauƙi har ya taɓa matsakaici.

Mutane sukan kai aikin dokinsu sama da inda yake. Hawan minti 40 sau huɗu a mako da gasa ɗaya a ƙarshen mako aiki ne mai sauƙi zuwa matsakaici. Zagaye ɗaya na tsallake shinge bai cika kai minti biyu ba.

To ina zai sami bitamin da ma'adinai idan ciyawa kawai yake ci?

Wannan tambaya ce mai kyau, domin ciyawa tana cika ciki amma takan gaza a tagulla, zinki, seleniyam, bitamin E, da laisin, wanda shi ne ginshiƙin furotin ɗin gina tsoka. Maganin shi ne abincin cike giɓi: ƙananan dunƙule masu tattare da waɗannan sinadarai, ba su da ƙarfin sa ƙiba. Yawanci giram 100 ake bayarwa ga kowane kilo 100 na nauyi, wato giram 350 a rana, a gauraya da cikin hannu biyu na yankakkiyar ciyawa mai ɗan danshi. Duba jikin buhu, domin kowane kamfani da nasa awo.

Kuskure biyu ake yi a nan. Na farko, a sayi abincin gasa da aka tsara a ci kilo 3 a rana, a ba da cikin hannu ɗaya, a ɗauka an gama. Doki bai sami ko rubu'in bitamin ɗinsa ba. Na biyu, a tara garin ƙari uku ko huɗu a kwano ɗaya. Seleniyam idan ya yi yawa guba ne, yana zubar da geza da wutsiya, yana tsaga kofato. Dusar alkama ita ma a yi hattara da ita: fosfaras ya yi mata yawa, kalsiyam ya yi kaɗan, alhali ana son kalsiyam ya ninka fosfaras sau ɗaya da rabi zuwa biyu. Ci da yawa kullum yana raunana ƙashi.

Ya riga ya yi ƙiba. Yaya zan rage shi ba tare da ya rasa ƙarfin gasa ba?

A ɗauka ya kai kilo 380, alhali 350 ne daidai da shi. Fara da cire duk hatsi da abincin gasa da alewar hannu, a bar abincin cike giɓi da gishiri. Sannan a saukar da ciyawa zuwa kashi 1.5 cikin 100 na nauyinsa na yanzu: kilo 5.7 ba ruwa, kimanin kilo 6.5 a sikeli. Kada a sauke rana ɗaya, a bi a hankali cikin mako guda ko biyu. Abin da ake nema shi ne ya riƙa zubar da rabin kashi ɗaya zuwa kashi ɗaya cikin 100 a mako, wato kilo 2 zuwa 4. Kilo 30 zai ci wata biyu zuwa huɗu. Idan mako shida zuwa takwas sun wuce tef bai motsa ba, a sauka zuwa kashi 1.25. Ƙasa da haka sai da likitan dabbobi.

Wahalar ba a yawan ciyawar take ba, a tsawon lokacin cinta take. Kuru mai haɗama zai share kilo 2 cikin awa ɗaya da rabi, ya tsaya sauran dare yana cizon katako. Cikin doki yana fitar da asid dare da rana, yawu kuwa, wanda ke kwantar da asid ɗin, sai yana tauna yake zuwa. Shi ya sa ba a son ya wuce awa huɗu zuwa shida babu abin tauna. A raba ciyawar kashi huɗu ko biyar, kaso mafi girma a ba shi da dare kafin a kwanta. A sa ta a raga mai ƙananan ramuka, ko a saka raga cikin raga. Ana iya maye gurbin kashi 30 cikin 100 na ciyawar da busasshen karan sha'ir mai tsabta, wanda ke ɗaukar lokacin tauna ba tare da sa ƙiba ba, matuƙar haƙoransa lafiya suke, an shigo da shi sannu a hankali, kuma yana shan ruwa sosai. In ba haka ba yakan toshe hanji.

Aiki kuma ya ƙaru. Tafiya kawai ba ta narka kitse sosai. Minti 30 na sassarfa da ƙaramar sukuwa sau biyar a mako yana gyara yadda jiki ke amsa insulin, muddin ƙafafunsa lafiya suke. Kuma a daina lulluɓe shi da bargo mai kauri ba dalili, domin ɗumama jiki da kansa ma yana cin kitse.

Abu ɗaya da ke karya wa mutane gwiwa: kitsen ciki ne ke fara tafiya, na wuya da na gindin wutsiya su ne na ƙarshe. Makonnin farko zagayen tumbi zai ragu amma kamanninsa ba za su canza ba. Aikin yana tafiya.

Me zai hana in hana shi abinci kwana biyu ya sauka da sauri?

Kada ka yi haka ko sau ɗaya. Kuru mai ƙiba idan ya rasa abinci kwatsam, jikinsa yakan kwaso kitse ya zuba cikin jini fiye da abin da hanta za ta iya sarrafawa. Jinin yakan yi fari-fari kamar an zuba madara, hanta da ƙoda su gaza, kuma da yawa ba sa tashi. Shetland da goɗiya mai ciki ko mai shayarwa sun fi shiga haɗarin. Saboda wannan dalilin, kuru mai ƙiba da ya ƙi abinci da kansa yini guda, ya yi lakwas, a kira likita a ranar.

Jiƙa ciyawa a ruwa yana da amfani?

Yana wanke wani ɓangare na sukarin cikinta. Nawa zai fita ya danganta da irin ciyawar da ɗumin ruwan, don haka ba a dogara da shi kaɗai ga dokin da ke da ciwon kofato, wanda za a yi bayaninsa a gaba. Ga irin wannan, a kai ciyawar gwaji, a nemi wadda sukari da sitacinta suka gaza kashi 10 zuwa 12 cikin 100. A lokacin sanyi ana jiƙawa awa 6 zuwa 12. A lokacin zafi awa ɗaya zuwa biyu ya isa, fiye da haka ƙwayoyin cuta sun yi yawa, ta fara tsami. A auna ta tana bushe kafin a jiƙa, a nutsar da ita duka, a canza ruwa kowane karo, a tsane ta a ba shi nan take. Jiƙawa mai tsawo tana iya cinye kusan kashi 20 cikin 100 na nauyin abincin, don haka a ɗan ƙara abin da aka auna.

Kiwo fa? Idan na rage masa awannin fita ya isa?

Bai isa ba, domin yana koyo. Kurun da ya gane awa uku kawai ake ba shi zai duƙufa ba ɗaga kai, ya ci kusan kashi 1 cikin 100 na nauyinsa a wannan ɗan lokacin. Wanda aka sake dare da rana a fili mai ɗanyar ciyawa yana iya cin ninki biyu na buƙatarsa.

Takunkumin kiwo, mai ƙaramin rami a ƙasa, yana rage ci har zuwa kashi 80 cikin 100. A tabbata yana iya shan ruwa da shi, ciyawar ba ta yi tsawon da ba za ta shiga ramin ba, kuma kada ya wuce awa 10 zuwa 12 a fuskarsa. Duba haɓa da karan hanci kullum saboda gurzuwa. Idan an cire, a mai da shi barga ko fili marar ciyawa, in ba haka ba zai rama abin da ya rasa. Sukarin ciyawa yana hawa da hasken rana, ya fi yawa da la'asar, ya fi ƙasa da asuba. Banda safiyar da ta biyo daren sanyi mai tsanani: a lokacin ciyawa ba ta ƙone sukarinta da dare ba, tana nan cike.

Mene ne alamun farko na ciwon kofato?

Ciwon da likitoci ke kira laminaitis kumburi ne a siraran ganyayyakin da ke manne ƙashin ƙafa da bangon kofato, kuma a kuru yawanci yawan insulin a jini ne ke kawo shi. Da farko za ka ga taku ya gajarta a ƙasa mai tauri, yana ɗari-ɗari wajen juyawa, yana sauya ƙafa idan yana tsaye. Ɗora yatsu biyu a bayan idon sawu, za ka ji jijiya tana bugawa da ƙarfi. Idan ya tsananta yakan miƙa ƙafafun gaba ya jingina nauyi baya. Zobba a jikin kofato da suka fi faɗi ta dunduniya suna nuna ya taɓa yi a ɓoye. A cire shi daga kiwo, a sa shi kan shimfiɗa mai laushi da kauri, kada a tilasta masa tafiya, a kira likita. Wanda ya haura shekara 15 a nemi a yi masa gwajin cutar Kushin, wata cutar sinadaran jiki da ke kama tsofaffin dawaki.

Ba shi da kuzari a fili. In ƙara masa hatsi?

Duba haƙarƙari tukuna. Kuru mai ɗauke da kilo 30 na kitse kamar an ɗora masa yaro na biyu ne, kuma kitsen yana hana zafi fita daga jiki. Hatsi zai ƙara masa nauyi ne ko ya sa shi zabura, ba zai ba shi numfashi ba. A gwada horonsa: bugun zuciyar doki a hutu 28 zuwa 44 ne a minti, kuma bayan aiki mai ƙarfi ya kamata ya sauko wajen 60 cikin minti 10 zuwa 15. Idan bai sauko ba, horo ne bai isa ba, ko aikin ya fi ƙarfinsa. Sai a duba sirdi, ƙafa, da nauyin mahayi, wanda tare da kayan hawa ba a son ya wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin dokin.

Nawa kurun kuma ramewa yake yi idan gasa ta yi yawa.

Kafin a taɓa kwano a duba haƙora, a kai kashinsa gwajin ƙwan tsutsa, a yi tunanin gyambon ciki, musamman idan yana cizo lokacin ɗaure sirdi ko yana barin abinci. Idan duk lafiya, a fara da ciyawa iya cinsa. Sai alfalfa, wata irin ciyawa da ke da furotin da kalsiyam. Sai ragowar gwozar sukari marar zaƙi, a jiƙa ta yadda aka rubuta a buhu, domin wata minti 10 take so, wata awa 24. Sai man girki na tsirrai, wanda ya ninka hatsi ƙarfi fiye da sau biyu: a fara da mililita 25, a hau cikin mako biyu zuwa uku har 100 ko 150, a ƙara bitamin E tare da shi.

Hatsi shi ne na ƙarshe. Sitaci kada ya wuce giram 1 ga kowane kilo na nauyi a ci ɗaya, wato giram 350. Abincin da sitacinsa kashi 30 ne, kilo 1.2 ya kai iyaka. Abin da ya wuce wannan yakan tsallake ƙaramin hanji bai narke ba, ya faɗa babban hanji ya yi tsami, ya kashe ƙwayoyin da ke narka ciyawa. Daga nan ciwon ciki da ciwon kofato suke tasowa. Kowane sabon abinci, har sabuwar ciyawa, a shigo da shi cikin kwana 7 zuwa 14.

Tumbinsa ya yi girma amma haƙarƙari na jiyuwa. Ƙiba ce?

A'a. Ciyawa mai tauri ce da ruwa da iska suka cika babban hanji, ko tsokar ciki ta saki don rashin aiki, ko tsutsa. Rage abinci ba zai gyara ba.

Gishiri da ruwa nawa?

Ruwa kimanin lita 5 ga kowane kilo 100, wato lita 18 a rana, kuma yana iya ninkawa a zafi ko aiki. Gishiri giram 15 zuwa 20 a cikin abinci kullum, kusan babban cokali ɗaya. Dutsen lasa kaɗai bai isa ba, dawaki da yawa ba sa lasar abin da zai wadatar. Gumin doki ya fi na mutum gishiri, shi ya sa yakan bushe ya bar fari a gashi, kuma dokin da ya rasa gishiri da yawa yakan daina jin ƙishirwa alhali jikinsa na neman ruwa. Ranar da ya jiƙe da gumi a ƙara garin gishirin gumi, wanda ke mayar da gishirin da ya fita da gumi, a abinci mai danshi. Idan a ruwa aka zuba, a ajiye bokitin ruwa zalla a gefe.

Yaya zan ciyar da shi ranar gasa?

Kamar kowace rana, babu sabon abu. A tafi da ciyawar da ya saba, da ruwan da ya saba in zai yiwu. Idan yana cin hatsi, a ba shi aƙalla awa uku zuwa huɗu kafin shiga fili. Ciyawa kuwa kada a hana shi. Minti 20 zuwa 30 kafin hawa a ba shi cikin hannu biyu ko uku na yankakkiyar ciyawa ko alfalfa. Tana yin kamar murfi a kan asid, ta hana shi fantsama zuwa saman ciki, inda babu kariya, lokacin sukuwa da tsalle. A doguwar tafiya a mota a tsaya duk awa huɗu a miƙa masa ruwa. Bayan gasa ya sha ruwa nan da nan ko da jikinsa yana da zafi, ya ci ciyawa, abincin kwano ya jira numfashi ya daidaita. Tsokar doki takan ɗauki awa 48 zuwa 72 kafin ta mai da makamashin da ta ƙone, kuma cika kwano ba ya gaggauta hakan.

A kula da abin da yara ke miƙa masa. Cakulan, kofi da shayi suna da sinadaran da ke fitowa a gwajin haramtattun ƙwayoyi na FEI, haka ma wasu magungunan ganye na kwantar da hankali. Kwano da cokalin dokin da ke shan magani kada su haɗu da na mai gasa.

Ranar hutu ko idan ya ji rauni an tsare shi a barga?

Hatsi ya ragu da rabi tun daren da ya gabaci ranar hutu. Dokin da ya ci cikakken hatsi yana tsaye, aka fito da shi washegari, shi ne tsokar kuturinsa kan ƙage, ya kasa taku, fitsarinsa ya yi duhu. Idan tsarewar ta kwanaki ce, a cire hatsi cikin kwana biyu zuwa uku, a bar ciyawa, abincin cike giɓi da gishiri. A jiƙa ciyawar don ƙarin ruwa, a riƙa ƙirga tulin kashinsa kowace safiya. Idan ya ragu ko ya bushe ya yi ƙanana, hanji ya fara tsayawa, a kira likita kafin ya fara birgima.